Bargon Inna da Shanun Baffa

Wannan babin na rubuta shi ne saboda labarin da kuke ba junanku duk sallah, idan kun cika mini falo kuna cin naman da ba ku soya ba. Ina jin ku daga kicin. Wai kakarku Inna ta lulluɓe kwamfuta da bargo don kada mura ta kama ta, kwamfuta ta ƙone, shagon uwarku ya rufe. Sai ku kwashe da dariya, har da Sadiƙu da a shekarar ko rarrafe bai fara ba. To, bargon gaskiya ne, na gan shi da idona, mai ruwan toka ne da jan baki. Amma ba shi ya kashe kwamfutar nan ba. Ni na kashe ta, da hannuna, ina sane, kuma ba tuba na zo yi muku ba. Ku natsu ku ji yadda aka yi, ku bar baiwar Allah ta huta a kabarinta.

Lokacin wayar hannu ta fara shiga hannun kowa a Jos, mu kuma muna da ɗan shago a Nasarawa Gwom inda muke haɗa bidiyon biki. Babanku ke zuwa ya ɗauko da kyamara, ni nake zama in yanka in haɗa, in sa kiɗa, in rubuta sunan ango da amarya da haruffan nan masu juyawa, waɗanda mutane suka fi so a kan bikin kansa. Kwamfuta ɗaya gare mu, ta gwanjo, fara ce da tsufa ya mai da ita ruwan ƙwai. Da ita muke ci, da ita muke sha, da ita aka yi wa uku daga cikinku suna.

Mahaifina Baffa kuwa, ku kun tashi kun same shi makaho a kan buzu da carbi a hannu. Ni ba haka na san shi ba. Makiyayi ne wanda shanunsa suka yi kiwo a kan duwatsun nan tun kafin a haife ni, mutumin da zai tsaya a kan tudu ya hango garke a can nesa ya ce maka wance tana ɗingishi. Bayan tashin hankalin Jos da kuka sha jin labarinsa, yayana Buba ya kora shanun gaba ɗaya ya hau da su tsaunin Mambila. Baffa ya zauna a gari, don gwiwoyinsa sun gaza. Tun daga ranar bai sake sa su a ido ba. Sannan idon ma ya fara tafiya. Hawan jinin ido, in ji likita. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma kullum ƙara tsukewa yake, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likita ya sa ranar aiki a ƙarshen watan Agusta, kuma bai ɓoye mana komai ba: aikin zai iya riƙe ɗan abin da ya rage, zai iya kuma tafiya da shi. Baffa ya saurara har ƙarshe. Sai da muka fito muna jiran mota ya yi magana, kamar da kansa yake.

"Da dai na ga shanun nan tukuna."

Na aika wa Yaya Buba. Ya nemo wani mai kyamara a can ya ɗauki garken, aka ba direba kaset ya kawo. Ranar gidan Baffa ya cika, har maƙwabta. Muka sa a talabijin. Mutumin ya ɗauka ne da asuba da kuma gab da magariba, lokacin da shanu ke ruga, ga hazon Mambila ya rufe ko'ina. Mu masu ido biyu ma da ƙyar muke raba saniya da dutse. Baffa ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya juya kai hagu, ya juya dama.

"Hayaƙi nake gani," ya ce. "Ku kashe."

Kun san ni da zuciya. Ban iya cin abinci ba ranar. Na ɗauki kaset na tafi shago, na zuba shi a kwamfuta, na yanko ɗan guntu. Na ƙara masa haske, na wanke yayyafin ɗigon da ke cikinsa, na jawo hoton kusa har saniya ɗaya ta cika allo, na rage masa gudu don ido marar ƙarfi ya samu ya kama. Kwamfuta ta yini tana nishi a kan wannan ɗan guntun. Washegari na kai masa. Ya daɗe yana kallo, har na fara cire rai. Sai na ga ya ɗaga yatsa ya ɗora a kan gilashin, yana bin wani abu a hankali.

"Ƙaho," ya ce. "Wannan ƙahon Fure ne. Na dama ya karkace, tun tana maraƙa ta kara da dutse."

Saniya tana can bayan tsaunuka, tafiyar kwana da kwanaki, ga ta a ƙarƙashin yatsan mahaifina a Nasarawa Gwom. Amma murnata ba ta je ko'ina ba. Manhajar da nake aiki da ita tana nuna lokacin da kowane guntu zai ci, kuma ko yaro ya duba ya san ba za a gama kafin ranar aiki ba. Ga damina, da an ga hadari ya haɗo sai a ɗauke wuta, kuma guntun da wuta ta yanke a tsakiya ya tafi ke nan, sai a sake daga farko. Ƙaramin janaretanmu wutarsa hawa da sauka take yi, talabijin na jurewa, kwamfuta ba ta jurewa.

Sai na naɗe ta a zane na kai wa Oga Kunle. Bayerabe ne mai gyaran kwamfuta a hanyar Kabong, wanda ya zo Jos da girmansa, shi ya sa har muka rabu bai taɓa ce mini "ke" ba. Na gaya masa ina so ta ƙara sauri, kuma sabuwa ba ta cikin lissafi. Ya sosa ƙeya.

"Madam, akwai hanya, amma hanya ɗin yana da rami. Zo ka gani."

Ya kwance gefen kwamfutar, ya cire wata 'yar fanka da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ya goge wani farin mai kamar man goge baki. Ya ce ga firosesa, ita ce ke yin duk tunanin. Ni na shekara da shekaru ina cin abinci da wannan akwati, ban taɓa ganin cikinta ba. Na ɗauka zan ga wani inji mai haƙora. Sai ga ɗan faranti bai kai faɗin akwatin ashana ba, a tsakiyarsa wani ɗan baƙin madubi wanda farcen ƙaramin yatsana ya fi shi girma. Oga Kunle ya ce wannan ɗan madubin shi ne komai. Ya ce a cikin daƙiƙa ɗaya yana bugawa sau fiye da biliyan, kuma wai daga yashi ake tace shi. Ya nuna mini ɗigon farin ƙarfen da aka liƙe wayoyi da shi, ya ce da kuza a ciki. Na tuna ramukan kuza da shanun Baffa suka sha ruwa a cikinsu, na ce wa ya sani ko daga ƙasar nan tamu aka haƙo ta, ta zaga duniya ta dawo. Duk amaren da na yi wa ado, duk rawar da aka taka a bidiyona, ta cikin wannan ɗan farcen suka bi. Abin da na iya cewa kawai shi ne tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

"Masu ƙera shi suna sa shi tafiya ƙasa da ƙarfinsa," in ji Oga Kunle, "don ya daɗe, don ko an kai shi Sakkwato bai mutu ba. Za mu gaya masa ya ƙara gudu. In ya ƙara zai fara tuntuɓe, sai mu ƙara masa wuta, kaɗan kaɗan. Wuta ɗin da bolt ake auna shi. Yanzu yana cin ɗaya da rabi. Za ka iya kai shi 1.6, in ya matsa 1.65. Nan ne katanga, kar ka tsallaka. Wuta kuma yana kawo zafi. Ƙasa da digiri sittin, ka yi barci. Ya wuce sittin, ka tashi tsaye. Ya kai saba'in, abeg kashe shi, ko gwamna ne a cikin bidiyo. Wannan tsoho ba shi da wayo. Sababbi in sun ji zafi suna rage gudu da kansu, wannan zai yi ta aiki har ya gasa kansa."

Na ce to me ya sa kowa ba ya yi.

"Da Kano kake, ko Legas, ba zan gaya maka ba sam. Amma nan Jos ne. Allah ya ba ku firiji kyauta, kuna ta kuka."

Ya sa sabon mai, ya mai da fanka, ya shiga wani shuɗin shafi da ake kira bayos, inda ake juya waɗannan lambobi. Muka yini muna hawa mataki mataki. A ƙara gudu, a gwada. In ta daskare, a ƙara wuta ɗan ƙanƙani, a sake gwadawa. A 1.65 muka tsaya, zafinta yana wasa a hamsin da wani abu. Washegari da na sa mata guntun da ta yini a kansa, kafin la'asar ta gama. Kwamfutar nan dai, ba a ƙara mata ko ƙusa ba. Ashe duk shekarun nan da sauran ƙarfi a ɓoye a cikinta, ba wanda ya tambaye ta.

Na kwashe ta na kai gidan Baffa, don layinsu ya fi namu samun wuta. Na ajiye ta a ɗakinsa gab da taga, na bar gefenta a buɗe, na buɗe tagar, na kafa mata babbar fanka. Ku da kuka girma a garin nan kun san sanyin Agusta, wanda ke shiga ƙashi ko rana ta fito. Baffa ya ƙi barin ɗakin. Ya sa rigar sanyi biyu da rawani ya zauna kusa da ita, kunnensa a kan ƙarar fanka. Na yi masa bayanin lambobin yadda aka yi mini, ya gyaɗa kai kamar ya daɗe da sani.

"Wato kamar takarkari ce," ya ce. "Akwai kayan da zai ɗauka shekara da shekaru. Akwai wanda zai ɗauka sau ɗaya."

Daga nan ya zama mai gadinta. Lokaci lokaci sai in ji, "Ma'u, nawa yanzu?" In ce hamsin da huɗu, Baffa. Ya ce madalla. In na ce hamsin da takwas sai ya ce a ƙara buɗe taga. Duk guntun da ya fito mu sa masa, ya kira shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da na uwayensu, ya yi faɗa a kan wadda ta rame, ya yi murmushi a kan wadda ta cika. Ban taɓa ganin Baffa yana magana da yawa kamar a kwanakin nan ba.

Inna ce abin bai yi wa daɗi ba. Ita a duniyarta, duk abin da kake so ka rufe shi. Tukunyar tuwo a rufe, rediyo a rufe, keken ɗinki da rigarsa, kaji ma in sanyi ya tsananta sai ta jefa wa akurkinsu buhu. Mu kanmu da muna yara, in ta naɗe mu da safe da ƙyar muke lanƙwasa hannu. Kullum ta leƙo sai ta yi tsaki.

"Yarinyar nan ba ki da tausayi. Kin tuɓe wa abu riga, kin buɗe masa taga, kin sa masa fanka. Ko akuya ba a yi wa haka a Jos."

To ga ranar bargon. Da safe ne, ana yayyafi. Na sa aiki na fita tsakar gida ina wanke Sadiƙu da ya ɓata jikinsa. Baffa ya ɗan gyangyaɗa. Inna ta shigo da kunu, ta ɗora hannu a kan kwamfutar, ta ji tana karkarwa, abin da fanka ke sa ta yi kullum. Ta kashe babbar fankar, ta tura taga, ta ɗauko bargonta ta lulluɓe ta ruf, har da cusa gefe da gefe yadda take mana. Kunnen Baffa ne ya cece mu. Ƙarar ta canja, ta koma can ciki kamar mai magana a cikin tulu, sai ya farka ya ƙwala mini kira. Na shigo da kumfa a hannu. Lambar da na gani a allo saba'in da huɗu ce. Na fizge bargon, na tsai da aikin, na buɗe taga, na tsaya ina kallon lambar tana saukowa ɗaya bayan ɗaya, ina jin iskar Jos tana shigowa tana kwashe zafin kamar da hannu. Sannan na juya na yi wa Inna faɗan da har yau in na tuna nake jin kunya. Ta bari na gama.

"Rawar sanyi take yi," ta ce. "Na taɓa ta na ji."

Aikin ranar ya tafi, amma kwamfuta ba abin da ya same ta. Oga Kunle ya zo ya duba, ya ce ta sha da ƙyar amma lafiyarta lau, ya kuma yi dariya har da riƙe ciki. Ta ci gaba da aiki tiryan-tiryan. Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne labarinku yake karkacewa.

Guntu ɗaya ne ya gagare ni, kuma shi ne wanda Baffa ya fi jira. Akwai wata saniya Wule, ja mai farin goshi, wadda zuriyarta ta zo masa daga hannun mahaifinsa. Ta mutu a hanyar Mambila. Ta bar 'yar maraƙa wadda Baffa da hannunsa ya jawo ta daga cikin uwarta a daminarsa ta ƙarshe a ruga. Ita Yaya Buba ya bari a ƙarshen kaset, rana ta riga ta faɗi, hoton baƙi ƙirin. Na gwada shi tun farko, Baffa bai ga komai ba. Sai da na koyi hannu a kan sauran na gane sai an bi ta kansa sau da yawa, wanki a kan wanki. Na yanka shi iya yadda zai yanku. Sau biyu wuta tana yanke mini shi a tsakiya. Har aka wayi gari gobe aiki.

Ranar ba a kawo wuta ba sai bayan azahar, kuma a unguwar da magariba ake ɗaukewa a kai wa wasu. Na sa aikin, na duba lokacin da manhaja ta nuna, ya zarce magariba. Ba da yawa ba, amma ya zarce. Na kira Oga Kunle a waya na ce in na tsallaka katangar fa.

"Madam, ba ruwana. 1.8 zai ba ka gudu ɗin, in ya yarda. Amma ka ji. Zafi kana gani a allo, kana iya kashewa. Bolt ba ya nuna maka komai, daga ciki yake ci. Yau zai yi aiki, gobe zai yi aiki, wata rana ka danna ba zai tashi ba."

Na kira babanku, don ba tawa ce ni kaɗai ba. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya ce kin san bukukuwan kafin azumi sun kusa, kaset ɗin mutane na nan a shago. Na ce na sani.

"Uba ɗaya gare ki," ya ce. "Yi."

Baffa yana jin duk abin da ake yi. Ya ce, "Ma'u, kar ki zalunce ta saboda ni. Na ga da yawa, ya isa." Na ce to, Baffa. Sannan na shiga shuɗin shafin na kai ta 1.8, na ƙara mata gudu, na yi bisimilla na danna. Ta tashi. Lokacin da manhaja ta nuna ya dawo gabanin magariba da kaɗan.

Sai zafi ya fara hawa. Sittin da biyu. Sittin da biyar. Baffa ya daina tambaya, don ya ji muryata ta canja. A sittin da bakwai na ɗora yatsa a kan maɓallin kashewa, na ce in ta taɓa saba'in na haƙura. Ana cikin haka gari ya yi duhu, hadari ya taso daga wajen Daɗin Kowa. Na ce shi ke nan, yanzu za a ɗauke wuta, na yi asarar ta banza. Iska ta shigo ta tagar, mai sanyi kamar an buɗe firiji, sai ƙanƙara ta ɓarke. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ma jin juna. Tsakar gida ta yi fari fat. Kuma wuta ba ta ko ƙifta ba, abin da ban taɓa gani ba a unguwar nan kafin ranar, ban kuma sake gani ba. Lambar ta tsaya cak, sannan ta sauko ɗaya. Ina tsaye ina kallon ikon Allah, sai ga Inna ta shigo jiƙe sharkaf, ɗankwalinta ya zame, da babban kwanon sha cike da ƙanƙarar da ta kwaso da hannunta. Ba ta kalle ni ba. Ta dire shi a gaban babbar fankar.

"Tunda sanyi take so," ta ce, "ga shi nan, ta ci."

Ta koma ta sake cikowa, yatsunta sun yi jawur. Lambar ta sauko sittin da uku, ta sauko sittin, ta zauna nan. Mu uku muka zauna a ɗakin, haƙoranmu na haɗuwa, ɗan madubin nan da bai kai farce ba yana jan 'yar Wule daga cikin duhu. Ta gama ladan bai kira ba. Na zuba a faifai. Muna alwala aka ɗauke wuta.

Bayan salla aka ta da janareta. Baffa ya zauna gab da talabijin. Da farko toka-toka ne, sai wani farin abu ya taso daga tsakiya yana matsowa a hankali, har ya cika gilashin. Goshi ne. Ga idanu, ga kunnuwa suna kaɗawa. Baffa ya yi wani sauti a maƙogwaro, irin wanda yake kiran shanu da shi, wanda rabona da ji tun ina yarinya.

"Goshin uwarta ne," ya ce. "Ta cika. Buba bai ci amana ba."

Sai saniyar ta juya, ga wani ɗan abu ya fito daga bayanta yana tangaɗi, shi ma da ɗigon fari a goshi. Ba wanda ya san da shi, a cikin duhun kaset ɗin ni ma ban taɓa lura ba.

"Ta haihu," in ji Baffa.

Ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki. Bafulatani ba ya kuka a gaban 'ya'yansa, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba. Ya sa aka maimaita, aka sake maimaitawa. Sannan ya jingina da bango ya ce ya ƙoshi, Allah ya yi mini albarka, a kai shi wurin likita da safe.

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma kafin azumi ya ƙare duhu ya rufe. Kwamfuta kuwa na mai da ita yadda masu ita suka ƙera ta tun a daren, amma abin da Oga Kunle ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Ta fara daskarewa jefi-jefi, sannan kullum, sannan wata safiya a tsakiyar bukukuwa na danna ta ƙi tashi. Firosesar ta mutu, ta tafi da babban allon cikin akwatin da take zaune a kai. Muka bi gida gida muna mai da wa mutane kaset ɗinsu muna ba da haƙuri, suka kai wa wasu, ba su dawo ba. Shago ya rufe. Zoɓo da kunun ayan da kuka tashi kuka ga ina ƙullawa, daga nan suka samo asali. Babanku har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a cikin faɗa.

Dangin babanku ne suka fara tambayar yadda aka yi sana'ar ɗansu ta mutu a gidan surukai. Kafin in buɗe baki labarin bargo ya zaga unguwa, kuma daga bakin Inna ya fito. Na same ta na ce Inna, kin san ba haka ba ne, bari in gaya musu gaskiya. Ta harare ni.

"In tsohuwa ce ta yi wauta, dariya za su yi su wuce. In ke ce, ba za su bar ki ki zauna lafiya a ɗakinki ba. Rufe mini baki."

Na rufe, har ta rasu, har kuka gaji dariyar kuna yi a falona.

Da Oga Kunle ya tabbatar ta mutu, ya ciro firosesar ya ba ni. Na kai wa Baffa, lokacin ba ya ganin komai. Na sa masa a tafin hannu. Ya shafa ta da babban yatsa, ya lalubo ɗan madubin tsakiya, ya daɗe a kansa.

"Wannan ce ta ɗauko mini shanu daga Mambila?"

Na ce ita ce, Baffa.

"Ikon Allah. To ta ɗauki na sau ɗaya. Kar a jefar da ita a bola, a kan aiki ta mutu."

Inna na gefe tana jinmu. Ta tashi ta ɗauko almakashi, ta yanki gefen bargon nan mai jan baki, ta karɓi firosesar daga hannunsa ta naɗe ta tsaf, ta cusa gefe da gefe. Tana nan a ƙasan akwatina har yau, duk mai so ya zo in nuna masa. Da ta gama ɗaurewa ta miƙo mini, ta dube ni ido cikin ido.

"Yanzu dai ba mai hana ni rufe ta," ta ce.